Motar da Ta Mutu da Rabin Tanki

Ranar Alhamis da la'asar aka shigo Madarumfa da gawar Maman Dogo a kan amalanken jaki, an rufe ta da buhun wake da aka farke. Kububuwa ce ta sare shi a wani ƙauye bayan Gabi, inda suka je ɗaukar waken ƙungiyar masu lambu. An saka shi a motar ƙungiya, tsohuwar bashe fara mai buɗaɗɗen baya, za a gudo da shi gidan likita. Ba su yi nisa ba motar ta yi tari, ta yi fizga biyu, ta mutu a tsakiyar rairayi, wurin da ko rezo, wato sabis ɗin waya, babu. Awa biyu suka yi suna jiran abin hawa. Kafin amalanken ya fito da su babbar hanya Maman ya cika.

Washegari aka janyo motar zuwa gindin dogonyaron da take kwana, a gaban magazar ƙungiya inda ake ajiye taki da iri. Aka zura tiyo cikin tanki, ya fito a bushe. Aka murɗa makulli, allurar mai ta tashi ta tsaya cak a rabi. Makanikin ƙungiya, Al'amin, ya cire filtar mai a gaban jama'a, ya kaɗa ta a tafin hannunsa, wani baƙin tsaki ya zubo. Ya ce rairayi ne, irin wanda ke bin tiyon ɓarawo ya shiga tanki. Kafin a sauko daga Juma'a gari ya gama shari'a: direba Ɗan Azumi ya zuƙe man ya sayar, ya kuma taɓa allurar don kada a gane. Wani ya fasa masa goshi da dutse. Aka kulle shi cikin magazar, wai don kare lafiyarsa. Ƙanen mamacin ya jefa filtar a aljihu, ya shimfiɗa tabarma a gindin motar, ya ce ba mai taɓa ta sai an san wanda ya kashe wansa.

Dangin Maman ne suka ce a kira Zakari Mai Sawu.

Zakari ya haura sittin, busasshen mutum mai guntun gemu, ba ya sauri kuma ba ya gaisuwa mai tsawo. Bin sawu gadon gidansu ne, ya sha bin shanun sata tun daga bakin tafki har cikin dajin Baban Rafi. Amma kafin ya dawo ga sana'ar ubansa ya yi shekara goma sha bakwai a hanyar Agadas, ya fara da wankin mota ya ƙare da tuƙi, a wuraren da direban da bai san muryar injinsa ba yake kwana a kabari. Abin da shekarun suka koya masa game da mutane ba shi da yawa, kuma ba shi da daɗi. Mutanen garinsu ma ya fi raina su, domin ya san su tun suna yawo ba wando.

Wanda ya tarbe shi a gindin dogonyaron shi ne perzidan, wato shugaban ƙungiya, Alhaji Abdurrahman, mai shagon kayan masarufi da fataucin Jibiya. Ya zo cikin shadda mai ƙara, turarensa ya riga shi isowa. Ya yi bayani da muryar wanda ya saba a yi shiru in yana magana. Ranar Litinin an cika tanki a gaban idonsa. Talata motar ta kai tumatir Maraɗi ta dawo. Laraba shi da kansa ya tuƙa ta zuwa Jibiya ya dawo, sannan ya hana a motsa ta sai Juma'a, saboda zai tafi ɗaurin aure. Ɗan Azumi ya take umarninsa ya tafi Gabi. Duk wanda ya san motar ya san waɗannan tafiye-tafiye rabin tanki suke ci. To ina sauran rabin? Ya ƙara da cewa ya kamata a mai da motar gidansa a killace ta, kada 'yan kallo su lalata ta. Kafin ya rufe baki ya sake faɗin haka.

"Kai dai ka nuna muna sawunsa, Baba Zakari," in ji shi. "Sauran mun san yadda za mu yi."

"In kun san ɓarawon, mi za ku yi da ni?" Zakari ya ce. "Igiya kuke bukata."

Game da motar kuwa ya ce a bar ta inda take.

* * *

Ƙafafun 'yan kallo sun riga sun tattake gindin itacen, kamar an kwana ana sussuka a wurin. Zakari ya dubi ƙasar, ya dubi masu ƙafafun, ya yi tsaki. Sai can jikin bango, inda ba a taka ba, ya sami zoben gindin galan, da tabon mai, da sawun takalmin taya wanda diddigen hagunsa ya cinye. Ba wanda bai san takalmin Ɗan Azumi ba. Jama'a suka ɗauki hayaniya, Alhaji ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah. Zakari ya duƙa ya ƙara dubawa. Tabon bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma tururuwa ta riga ta yi hanya a kansa ta saba da ita. Ya yi kwana goma, in bai fi ba.

Zakari ya sa aka buɗe masa magazar. Ɗan Azumi yana zaune a kan buhun taki, jini ya bushe masa a gira. Da farko ya rantse bai taɓa ɗiban ɗigo ba. Da Zakari ya kwatanta masa galan ɗin da inda ya durƙusa, sai ya sunkuyar da kai. Kwalba biyu ce, in ji shi, injin ban ruwan ƙanensa ne ya tsaya, irin albasa yana ƙonewa. Zakari ya dube shi yadda ake duban kazar da ta shiga rumbu. Ga mutum za a rataya masa kisan kai, shi kuwa yana ɓata rantsuwa a kan kwalba biyu.

"Bar wannan. Gaya mani kukan motar."

Direban ya ɗago da mamaki, don tun safe ba wanda ya tambaye shi komai sai inda ya kai man. Ya ce mako uku ke nan, tun da Alhaji da Al'amin suka kai ta Jibiya gyaran sifirin, ta canza murya. In an yi tafiya mai nisa, ko ana hawan tudu, wani siririn kuka yana tasowa daga ƙarƙashi, wajen famfon mai, kamar sauro a kunne. In ya buɗe murfin tanki sai ta ja iska da ƙarfi, fuuu, kamar mai fitowa daga nutso. Ranar Alhamis kuma ya ji sabon abu: duk ramin da suka faɗa, wani abu yana bugawa a baya, gum, gum. Sau uku yana kai ƙara wurin Al'amin. Na farko ya canza famfo, na biyu ya ce tsufa ne, na uku ya ce ya je a wanke masa kunne. Allura kuwa tun daga lokacin ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba, amma bai damu ba, domin Alhaji ya zama mai kyauta da mai, kusan kullum sai ya sa an ƙara.

"Alhaji Abdurrahman, kyauta," Zakari ya maimaita, kamar wanda aka ce masa an ga kifi a kan tudu yana kiwo.

* * *

Asabar da sassafe ya hau kabu-kabu zuwa inda motar ta mutu. Shanun da suka janyo ta sun ɓata gefe ɗaya, amma rairayin ya riƙe sauran. Ya zagaya wurin a hankali, hannuwansa a baya. Ga inda Ɗan Azumi ya diro. Ga inda ya tsaya a gaban inji, ya daɗe, har ƙafafunsa suka nutse. Ya koma ya murɗa makulli, ya dawo gaban inji, ya koma, ya dawo. Zakari ya ƙirga zuwa takwas. Ga gwiwoyinsa inda ya durƙusa yana hura tiyo da baki, ga inda ya tofar. Wajen murfin tanki kuwa bai je ba ko sau ɗaya. Mutumin da ya san ya kwashe mai ba ya ɓata awa guda yana neman ciwo a cikin inji.

Daga nan sawun ya miƙe arewa, ya yi zurfi ninki biyu, takun ya gajarce. Ya goya Maman ke nan, mutumin da ya fi shi tsawo da nauyi. Zakari ya bi shi taku ɗari huɗu, har inda gwiwoyin suka kife, ya tashi, ya ƙara ashirin, ya sake faɗuwa a gindin wata kalgo. A nan amalanken ya same su. Zakari ya daɗe tsaye a wurin. Ya tuna da wanda ya yi jifan dutsen, wani mai shayi da ko buhun sikari ba ya iya ɗagawa shi kaɗai.

Da ya dawo gari ya tarar an sami sabon mai laifi. Tun da aka ga bai ce a ɗaure Ɗan Azumi ba, masu zaman benci suka koma kan Balaraba, matar da ke sayar da esansi, man mota, a kwalabe a bakin tasha, wai tana haɗa shi da ruwa da kananzir. Ya same ta a bayan teburinta tana korar ƙuda da fushi. Bai tambaye ta ba ya buɗe kwalba ɗaya, ya shinshina, ya ɗiga a tafinsa, ya hura. Ya bushe tas, bai bar maiƙo ba.

Ta ce ai sai ya gaya wa waɗancan marasa aikin yi. Shekara tara tana zuba wa motar nan mai, ba ta taɓa tari a kansa ba. Ya tambaye ta nawa motar ke sha. Ta ce da can, in ta zo da yunwa, bido biyu, manyan jarkokin nan, take shanyewa da 'yan kwalabe a kai. Yanzu kuwa bido ɗaya ne, in an ƙara kwalba uku sai ta amayo har ƙasa. Ranar Litinin ma haka aka yi, Alhaji yana tsaye. Ita ta ɗauka yana sayowa a ƙetare ne, yana kawo mata ragowar ciniki.

"Mi ya hana ki faɗi wannan tun jiya?"

"Wa ya tambaye ni, Baba? Zagina kawai aka zo yi."

Garejin Al'amin yana bayan tasha. Saurayi ne mai tsaftar riga fiye da yadda ya dace da makanike, ya manna takardar shaidarsa a bango cikin leda. Ya tarbi Zakari da Faransanci, ya jero sunayen sassan mota kamar mai karatun allo, yana satar kallon ko tsohon ya ruɗe. Zakari ya bar shi ya gaji. Sannan ya tambaye shi abu ɗaya: famfo sabo yana kuka kamar tsohon, murfi yana jan iska, mi ya hana shi sauke tanki ya duba? Al'amin ya ce aiki ne babba. Zakari ya ce ƙusa huɗu ce da tiyo biyu, ya sha yi a cikin hamada da sifana guda. Ya tambaye shi abin da aka gyara a Jibiya. Sifirin, in ji Al'amin, sifirin kawai, ya share wuyansa da tsumman da ya ƙara masa baƙi. A kan hanyar fita Zakari ya tsinci fasasshiyar lasifikar rediyo a cikin tarkace, ya ɓalle mayen ƙarfen da ke bayanta, ya sa a aljihu. Bai nemi izini ba.

* * *

Da azahar, lokacin da rana ta kori 'yan kallo, ya koma gindin dogonyaro. Ya karɓi filtar a hannun ƙanen Maman ya zazzage tsakin a takarda, ya mai da ita mazauninta. Ya zuba kwalba biyu ta man Balaraba a tanki, ya sa aka murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, ya kwanta a ƙasa ya kara kunne. Famfon ya yi gurnani mai laushi, irin na lafiya. Ya ce a girgiza motar. Nan take gurnanin ya koma siririn kukan nan, famfo yana zuƙar iska maimakon mai. Ke nan famfon ba shi da laifi, ƙishirwa yake kuka.

Ya dubi sifirin. Tsatsa ta haɗe ƙusoshinsu, sifana ba ta taɓa su ba tun bara. Ya matsa ga tanki ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Gaba ya amsa, ƙwal, kamar garwar da ba kowa ciki. Ya matsa baya taƙi biyu ya sake bugawa. Dum. Ya sake. Dum. A ƙarƙashin wannan ɓangaren an yaɓe laka mai kauri haɗe da baƙin mai, alhali ruwan sama ya ɗauke fiye da wata guda. Bai taɓa ta ba. Ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya juya baya ya gwada wani abu a kan takardar tsakin, ya ninke ta.

Ya ce wa ƙanen Maman ya aika birgad, ofishin jandarma, a roƙi shugabansu ya zo bayan la'asar, a kuma kira Alhaji da Al'amin da Balaraba, a fito da direban.

Gari ya cika wurin tun kafin a idar da salla. Waɗanda suka yi jifa suka kama sahun gaba, don kada a yi ɗauri ba su gani ba. Alhaji ya zo da kujerarsa. Shugaban jandarma ya tsaya a gefe da mutum biyu.

Zakari ya fara da Ɗan Azumi. Ya ce ɓarawo ne, na kwalba biyu, kwana goma da suka wuce, duk wanda bai taɓa cin kwalba biyu ta ƙungiya ba yana iya zuwa ya mare shi. Ba wanda ya motsa. Ya faɗi abin da rairayin Gabi ya nuna masa, har da taku ɗari huɗu da ashirin. Ya ce man Balaraba ya fi bakin masu zaginta tsabta. Sannan ya buɗe takardar, ya kira Al'amin ya matso, ya tambaye shi ko har yanzu yana kan cewa wannan rairayi ne. Al'amin ya ce rairayi ne.

Zakari ya fito da mayen ƙarfen ya riƙe shi a saman takardar. Tsakin ya yi tsalle gaba ɗaya ya manne masa, takardar ta koma fara. Ya duƙa ya ɗebi rairayin gindin itacen ya kara masa, ya zube ƙasa.

"Rairayi ba ya bin mayen ƙarfe," in ji shi. "Wannan kashin walda ne. An yanka tankin nan, an yi walda a cikinsa, ba a ko wanke shi da kyau ba. Ni dai ban je makaranta ba, Al'amin. Kai mai takarda, gaya muna yadda gyaran sifirin ke zuba walda a cikin tanki."

Al'amin ya dubi Alhaji. Duk wanda ke wurin ya ga inda ya duba.

Zakari ya yi bayanin sauran a taƙaice, kamar mai gaya wa yara hanyar rijiya. An raba tankin biyu da farantin ƙarfe, rabi na mai, rabi na wani abu. Shi ya sa bido ɗaya ke cika shi. Ƙwallon da ke yawo a kan mai yana motsa allura, in ya sauko sai ya zauna a kan farantin, allura ta tsaya a rabi ko da babu ɗigo. Mai waldar ya toshe hanyar numfashin tanki, shi ne jan iskar murfi. Kukan sauro kuwa famfo ne yake shan iska da tsakin ƙarfe. Motar ta yi mako uku tana faɗin abin da aka yi mata, mutum ɗaya ne ya saurara, aka ce ya je ya wanke kunne.

Alhaji ya miƙe. Ya ce shi ba zai zauna mai bin kashin shanu ya ci masa mutunci ba, shi da ya yi wa ƙungiyar nan hidima shekara goma sha biyu. In an taɓa tanki, to makanike ya sani, shi bai san komai a kan ƙarfe ba. Al'amin ya ji an sayar da shi tun ba a yi ciniki ba. Bakinsa ya buɗe da Hausa tsantsa, Faransancin ya gudu. Ya ce shi rakiya kawai ya yi, Alhaji ne ya kai su wurin mai waldar, shi ne kuma ya ce a riƙa lallaɓa direban har ya gaji da ƙorafi.

Shugaban jandarma ya sa aka kankare lakar. Faranti ya bayyana, da ƙusoshi shida masu ƙyalli. Da aka kwance, gwangwanayen madara suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya, kowanne cike da katin tramol. Su ne ke bugawa a cikin ramuka. Kayan Laraba ne, suna jiran Juma'a a kai su Maraɗi.

"Na hana shi fita da ita," Alhaji ya ce, muryarsa ta koma ta wani ƙaramin mutum. "Ku tambaye shi. Na ce kada ya motsa ta."

"Ka hana shi," in ji Zakari. "Kalma ɗaya ta rage ka ƙara, ka ce babu mai. Ita ce ba ka iya ba."

Aka saka su biyun a motar jandarma. Tun ƙurarta ba ta kwanta ba Zakari ya ji mai shayin nan yana gaya wa na kusa da shi cewa shi dama ya daɗe yana zargin Alhaji. Kafin magariba rabin gari ya daɗe yana zarginsa. Wajen Ɗan Azumi kuwa ba wanda ya je, sai Balaraba da ta ba shi ruwa ya wanke girarsa.

* * *

Gyaran ya ci kwana uku, Zakari da Ɗan Azumi suka yi shi a gindin itacen. Jandarma sun tafi da tsohon tankin, aka samo wani na hannu a Maraɗi. Zakari ya sa aka wanke shi sau uku, aka hure tiyoyin mai tun daga baya har inji, aka sa sabuwar filta, ya zura waya ya tabbatar hanyar numfashi a buɗe take. Famfon da Al'amin ya cire tun farko ba abin da ya same shi, shi suka mayar. Da aka tada motar ya kwanta a ƙasa ya saurara, ya sa aka girgiza ta, ya buɗe murfi ya rufe. Ya fito ya ce ta yi. 'Yan kwamiti suka kawo wa direban makulli da dogon jawabi a kan haƙuri da zumunci, wanda babu kalmar gafara a cikinsa ko ɗaya. Ya karɓa, don yana da 'ya'ya biyar.

Ranar sadakar bakwai matar Maman, Dije, ta aiko tana son magana da Zakari. Tana cikin takaba, don haka a zaure ya tsaya, ita tana bayan asabari. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta ce malamai da 'yan uwa duk sun gaya mata kwana ne ya ƙare, ta kuma yarda. Amma an ce shi ba ya gyara magana don a ji daɗi, shi ya sa ta kira shi.

"Baba, da allurar nan ta faɗi gaskiya, da ya kai gidan likita?"

Zakari ya sha ba mutane amsa mai zafi yana jin daɗinta. Wannan bai ji daɗinta ba.

"Da ya kai, ɗiyata. Da Ɗan Azumi ya ga babu mai ya ƙara kafin su tashi, rabin awa ta ishe su. Abin da zai faru a can ban sani ba, wannan na Allah ne. Amma da ya kai."

Asabarin bai motsa ba. Ya ji tana jan numfashi a hankali, sau biyu, sau uku. Sannan ta tambaye shi ko gaskiya ne direban ya goya shi. Ya ce gaskiya ne, har ya faɗi da shi sau biyu.

Ta kira wata mata daga cikin gida, ta ce a zuba tuwon sadakar a babban kwano, a sa nama, a kai gidan Ɗan Azumi. Ta ce kada a bi ta lungu, a bi ta bakin tasha. Zakari ya ce ba sai an nemi ɗan aike ba. Ya ɗauki kwanon da kansa ya fita.